Tura Bidiyon Kisa a Guruf Ba Shi Ne Kare Haƙƙin Ɗan Adam Ba

Duk wanda ke cikin zaurukan WhatsApp na unguwa, na 'yan aji ko na 'yan gari ya san yadda abin yake zuwa. Da safe ka buɗe data, sai ga bidiyo mai minti ɗaya da rabi: gawarwaki a jere kan tabarmi, mata na kuka, wani yana magana a bayan kyamara muryarsa na rawa. A ƙasa an rubuta "Ku yaɗa har ya kai ga hukuma." Babu sunan ƙauye, babu rana, babu wanda ya san wa ya ɗauka. Kafin azahar ya zagaya guruf ashirin, kowa ya rubuta Innalillahi ya tura gaba, ya ji a ransa ya sauke nauyi.

Ban ce masu turawar miyagu ba ne. Yawancinsu tausayi ne ke ɗibarsu, da takaicin ganin ana kashe mutane a Zamfara, Katsina, Sakkwato ko Tillaberi ba a ji ko tari daga sama ba. Amma zan faɗi ra'ayina ba kwana-kwana: danna maɓallin turawa shi ne abu mafi arha, kuma mafi haɗari, da matashi mai waya zai iya yi da irin wannan bidiyo. Akwai aikin sa kai na gaske a wannan fanni, na sa ido kan take haƙƙin ɗan adam da auna haɗari, ana yin sa ne da waya da kwamfuta, kuma matasanmu sun fi mutane da yawa dacewa da shi. Sai dai yana cin lokaci, ba ya tara mabiya, kuma rabinsa sanin lokacin da za ka riƙe hannunka ne.

Na san a Arewa maso Yamma yanzu da an ce 'yan sa kai, samari da bindigar toka da layu ne ke faɗo wa mutum a rai. Ba su nake nufi ba. Ina magana ne kan wanda zai ba da awa biyu ko uku a mako, ba albashi, ya zauna ya tantance ko abin da ake yaɗawa ya faru, a ina, yaushe, kuma wa zai shiga uku idan aka wallafa shi.

Bari mu ɗauki misalin da ya faru a maƙwabtanmu. A watan Yulin 2018 wani bidiyo ya bazu a intanet. Wasu maza cikin kakin soja sun tisa ƙeyar mata biyu da yara biyu, ɗaya jariri ne a goye, suka kai su gefen hanya, suka rufe musu ido suka harbe su. Jama'a suka yi ta turawa, wasu na cewa a Mali ne, wasu na cewa a Kamaru. Ministan yaɗa labaran Kamaru na wancan lokacin, Issa Tchiroma Bakary, ya fito ya ce labarin ƙarya ne. Da a turawa kaɗai aka tsaya, da maganar ta bi sahun sauran ɗaruruwan bidiyoyin da muka gani muka manta.

Abin da ya canja lissafin shi ne wasu 'yan tsirarun mutane, daga sashen Africa Eye na BBC, da Amnesty International, da masu bincike na Bellingcat, da wasu da ba ma'aikatan kowa ba ne, suka zauna suka tsefe bidiyon daƙiƙa bayan daƙiƙa. A farkonsa ana hango layin duwatsu daga nesa. Suka zana siffar layin, wani ɗan Kamaru ya tsegunta musu inda za su duba, suka buɗe Google Earth suka ga ya yi daidai da wani wuri kusa da garin Zelevet a jihar Arewa Mai Nisa, dab da iyakar Najeriya. Suka gwada gine-gine da bishiyoyin cikin bidiyon da hotunan tauraron ɗan adam na shekaru daban-daban, suka gano shekarar. Sannan suka auna tsawon inuwar sojojin a ƙasa, tamkar yadda kakanninmu ke gane lokacin la'asar, suka taƙaita lokacin zuwa tsakanin 20 ga Maris da 5 ga Afrilun 2015. Har bindigar da ke hannun ɗayansu, Zastava M21 ƙirar Sabiya, sai da suka gane. A watan Satumban 2020 kotun soja a Yawunde ta ɗaure sojoji huɗu shekara 10 kowanne, na biyar ɗin, wanda ya ɗauki bidiyon ya yaɗa, shekara 2. Hukuncin ya yi kaɗan ga rai huɗu, wannan gaskiya ne. Amma gwamnatin da ta ce ƙarya ne, ita ce ta gurfanar da sojojinta, kuma kayan aikin da suka tilasta mata yin hakan duk kyauta ne, yawancinsu suna buɗuwa a kwamfutar da ake sayarwa ta hannu a Farm Centre.

Ka lura da mutumin nan da ya ce a duba wajen Zelevet. Ba a san shi ba, ba a sa hotonsa a ko'ina ba, amma ba don shi ba da masu binciken sun daɗe suna lalube cikin duhu. Gurbinsa ne nake ganin babu kowa a ciki idan aka zo kan ƙasar Hausa.

Tsarin amfani da masu sa kai ba sabo ba ne. Tun farkon 2008, bayan rikicin zaɓen Kenya, wasu matasa masu shafuka da rubuta manhaja, cikinsu har da Ory Okolloh da Juliana Rotich, suka haɗa Ushahidi, taswirar da jama'a ke aika wa rahoton tashin hankali ta tes. Sunan ma da Suwahili yana nufin shaida, tushensu ɗaya da kalmarmu. A 2016 Amnesty ta kafa rundunar ɗalibai masu tantance hotuna da bidiyo a jami'o'i irin su Berkeley a Amurka, Essex a Ingila da Pretoria a Afirka ta Kudu. Ta kuma buɗe wani shiri mai suna Decoders da kowa zai iya shiga daga wayarsa. A ƙarƙashinsa dubban mutane suka duba hotunan tauraron ɗan adam na Darfur suna nuna inda ƙauyuka suke. A wani zagayen, masu sa kai sama da 3,500 suka karanta takardu da hotunan malalar mai a yankin Neja Delta, kuma rahoton da ya fito a 2018 ya nuna malala 89 da akwai shakku kan dalilin da kamfanonin Shell da Eni suka bayar a kansu. Babu wanda ya ɗauki makami ko ya je bakin daga a cikinsu. Karatu ne da lura da cike tebur.

To mu me muke da shi da ɗalibin Berkeley ba shi da shi? Kunne da ido. Idan mai magana a bidiyo ya ce "mi" maimakon "me", ko "hwaɗi" maimakon "faɗi", ka san ba daga Kano ko Zariya ya fito ba. Idan ya ce "lakwal" ko "jandarma", ka san ka tsallaka iyaka zuwa Nijar. Haruffa uku na lambar mota a Najeriya suna nuna ƙaramar hukumar da aka yi mata rajista. Tsayin gero a gona yana gaya maka watan da ake ciki, hazon hunturu yana ƙaryata wanda ya ce a watan Agusta aka ɗauka, kiran salla daga nesa yana ba ka sa'a, siffar rumbu da ginin soro suna raba wani yanki da wani. Duk waɗannan abubuwa ne da ɗan ƙauye zai gane cikin daƙiƙa biyar, Bature mai digiri uku kuwa ya yi mako bai gani ba. Manhajojin fassara da na ƙirƙirarriyar basira har yanzu suna tuntuɓe a kan karin harshenmu, balle zaurance da habaici.

Yanzu bari in shiga ɓangaren da ya fi damuna a matsayina na mai rubuta manhaja. Duk hoto ko bidiyon da wayarka ta ɗauka yana ɗauke da wasu bayanai a ɓoye cikin fayil ɗin: rana, sa'a, ƙirar wayar, da kuma wurin da aka ɗauka idan GPS na kunne. Da zarar ka tura shi a WhatsApp ta hanyar da aka saba, manhajar za ta matse shi don ya yi sauƙin data, ta zubar da waɗannan bayanai. Wanda ya isa guruf na goma ya zama kwafen kwafen kwafe, ba lauyan da zai iya rantsuwa a kansa. Idan kana son fayil ya isa yadda yake, sai ka tura shi a matsayin dokumen, ko ka kwafe shi ta waya zuwa kwamfuta kai tsaye. Sannan akwai wani lissafi da ake kira SHA-256, wanda ke ɗaukar fayil ya fitar da jerin haruffa da lambobi 64, kamar zanen yatsan wannan fayil ɗin. Aka taɓa ko ɗigo ɗaya a ciki, jerin gaba ɗaya zai canja. Idan ka rubuta wannan zanen yatsa ka ajiye ranar da fayil ya zo hannunka, bayan shekara biyar za ka iya nuna cewa ba a yi masa kwaskwarima ba. A zamanin da yaro zai iya ƙirƙirar bidiyon bogi da wayar dubu tamanin, "gani ya kori ji" ya daina aiki shi kaɗai, sai an haɗa da irin wannan hujja.

Akwai manhajojin da aka gina don wannan. eyeWitness to Atrocities, wadda ƙungiyar lauyoyi ta duniya ta fitar a 2015, tana manna wa hoto lokaci da wuri ta kulle shi, kuma an yi amfani da hotunanta a wata kotun soja a gabashin Kwango a 2018. ProofMode tana sa wa kowane hoto sa hannu na lissafi. Tella tana ɓoye fayiloli cikin rumbu mai kalmar sirri, a Android ma tana iya yin shigar kalkuleta. Kotun ICC kanta ta ba da sammacin kama wani kwamandan Libiya, Mahmoud al-Werfalli, a 2017, kuma galibin hujjar bidiyoyi ne da aka ɗora a shafukan sada zumunta. A ƙarshen 2020 ofishin kare haƙƙin ɗan adam na Majalisar Ɗinkin Duniya da jami'ar Berkeley suka fitar da ƙa'idojin yadda ake irin wannan bincike, kowa na iya saukewa kyauta. Kuma kada ka dogara da Facebook ko YouTube a matsayin ma'ajiya. A 2017 na'urorin tace bidiyo na YouTube sun share dubban bidiyoyin yaƙin Siriya saboda sun ɗauke su farfagandar 'yan ta'adda, sai da masu adana tarihin suka yi ta fafutukar dawo da wasu.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Bayanan nan da ke mayar da bidiyo hujja, su ne kuma ke nuna ƙofar gidan wanda ya ɗauka. Wannan ne ya kawo mu kan auna haɗari, wanda a ganina shi ne zuciyar aikin, kuma shi ne abin da masu turawa ba sa tsayawa su yi ko na minti ɗaya.

Ƙungiyoyin da ke horar da masu kare haƙƙi, irin su Front Line Defenders, suna koyar da wani lissafi mai sauƙi: haɗari yana ƙaruwa da girman barazana da yawan rauni, yana raguwa da ƙarfin kariyar da mutum ke da shi. Gwada shi a kan bidiyon da ke wayarka yanzu. Dattijon da ya tsaya gaban kyamara ya kira sunan jagoran 'yan bindigar da suka shigo musu, a ina zai kwana yau? A ƙauyen nan dai, inda babu ofishin 'yan sanda, inda mutanen da ya ambata suke da waya, suke kallon TikTok, wasunsu ma suna ɗora nasu bidiyon. Barazana a sama, rauni a sama, kariya babu. Kowa a yankunan nan ya san abin da ke samun wanda aka laƙaba wa sunan infoma, ko daga ɓangaren 'yan daji ko daga ɓangaren 'yan banga. Kai da ka tura daga ɗakinka a Kaduna ko Yamai, ba abin da zai same ka. Shi ne zai biya. Haka yarinyar da aka kuɓutar aka haska fuskarta ana tambayarta abin da aka yi mata a daji: bidiyon zai riga ta isa duk gidan da za a je neman aurenta, bayan shekara goma yana nan a wayar wani.

Sai haɗari na biyu, wanda ya fi wannan faɗi. A watan Yunin 2018 an yi kashe-kashe na gaske a yankin Barikin Ladi na jihar Filato. A daidai lokacin wasu hotuna masu tayar da hankali suka cika Facebook da sunan daga can suke. Binciken BBC ya gano cewa ɗaya daga cikin bidiyoyin ma ba a Najeriya aka ɗauke shi ba, daga Kwango Brazzaville ne, tun 2012. Amma kafin a gano, an tare hanya an fito da matafiya daga motoci an kashe, mutum 11 in ji binciken, kuma 'yan sandan jihar sun ce hotunan sun taimaka wajen hura wutar. Duba hoto a Google Lens ko TinEye don ganin ko ya taɓa fitowa a baya ba ya ɗaukar minti biyu.

Kai ma mai sa kan, kana cikin lissafin. Tun da aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN, babu wani layi a Najeriya da za ka ce ba a san mai shi ba. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an sha amfani da shi wajen kama 'yan jarida da masu rubutu a shafuka, har kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, kafin a yi masa gyara a 2024. A Nijar kuwa, a 2024 ɗin ne aka dawo da hukuncin ɗauri cikin dokarsu ta intanet. Wanda zai shiga wannan aiki ya san da haka tun farko, ya kulle wayarsa da lambobi maimakon yatsa ko fuska, ya raba layin aiki da na gida, ya san lauya ko ƙungiyar da zai kira.

Na san abin da wani zai ce: ai ba don an yaɗa ba, da ba a san da bidiyon Kamarun ba. Kuma daren 20 ga Oktoban 2020 a Lekki, ba don DJ Switch ta haska kai tsaye a Instagram ba, da an ce ba abin da ya faru. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ban raina ta ba. Akwai lokacin da surutu shi ne kaɗai kariya, kuma hukumominmu sun saba sai an kunyata su suke motsi. Amma DJ Switch tana wurin, ita ta zaɓi ta ɗauki haɗarin da kanta, kuma ta biya, don sai da ta ɓuya ta bar ƙasar. Dattijon ƙauyen nan ba wanda ya tambaye shi. Kuma tsakanin binne magana da watsa ta tsirara akwai hanyoyi da yawa. Za ka iya ajiye asalin fayil a kulle, ka fitar da kwafen da aka dusashe fuskoki, Signal ma tana da wannan a cikinta tun 2020. Za ka iya cire muryar gaba ɗaya ka rubuta abin da aka faɗa, don a ƙauye murya ta fi fuska saurin tona mutum. Za ka iya miƙa shi ga ɗan jarida ko ƙungiyar da ke da lauyoyi, ka jira kwana biyu har shaidan ya bar garin. Abin tambaya kawai shi ne ko an yi wannan tunanin kafin a danna.

Wani ɓangaren auna haɗarin kuma gaba yake kallo. Ƙungiyar WANEP mai hedikwata a Accra tana da masu sa ido a cikin al'ummomi da ke aika rahoton ƙananan alamu, waɗanda ake tarawa don hango rikici kafin ya fashe. CITAD a Kano ta shafe shekaru tana bibiyar kalaman ƙiyayya a shafukan sada zumunta. Irin wannan aiki ba shi da armashi: kasuwar ƙauye ta daina ci mako biyu a jere, an fara ƙaura da mata da yara, wata kalmar zagi ga wata ƙabila ta fara yawa a sharhin Facebook. Ɗaya-ɗaya ba komai ba ne. A tebur ɗaya, da rana da wuri, sukan zama gargaɗi.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa ba: kallon waɗannan bidiyoyi yana cin mutum. Masu aikin sun koyi rage girman allo, kashe sauti sai inda ya zama dole, da guje wa kallo da dare kafin barci. Ka kashe saukar da bidiyo kai tsaye a WhatsApp ɗinka, ko don ƙannenka da ke ɗaukar wayar su yi gem. Kuma ƙungiyoyin da ke neman masu sa kai su ji tsoron Allah. Idan yaro zai sa idonsa da datarsa da sunansa a aikinku, mafi ƙaranci ku horar da shi, ku biya masa kuɗin data, ku gaya masa wa zai tsaya masa ran da aka zo kama shi. Wadda ba ta da amsar wannan tambaya ta ƙarshe, ni dai ba zan ba wa ƙanena shawarar ya yi mata aiki ba.

Ga 'yan'uwana masu rubuta manhaja kuwa, na san ƙaiƙayin da ke taso mana: mu gina sabuwar manhajar kai rahoto, da taswira mai jajayen ɗigo, mu kai gasa. Don Allah mu dakata. Rumbun bayanai mai ɗauke da sunayen shaidu da lambobinsu, a kan saba mai arha da mutum ɗaya ke kula da ita bayan ya taso daga aiki, jerin sunayen waɗanda za a nema ne ran da aka kutsa ciki. Sannan manhajar da ba ta aiki sai da netwok ba ta da amfani a inda aka fi buƙatarta, mun gani a Satumban 2021 lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna na tsawon makonni. Tella da ProofMode buɗaɗɗu ne, kowa na iya ganin lambobinsu ya ba da gudummawa. Fassara irinsu zuwa Hausar da manomi zai gane, gwada su a ƙananan wayoyin itel da Tecno masu ƙaramin ma'aji, da rubuta wa masu su rahoton inda suke maƙalewa, wannan aikin mako biyu ne ga mutum uku da suka san abin da suke yi.